Aikin da ke bayan dandamali

Sana'ata bayar da hayar kayan sauti da dandamali. Ƙaramin kamfani ne: ni, da yaran da na koya wa aiki, da wasu 'yan ƙalilan da muke kira idan aiki ya yi mana yawa. Babban aikinmu shi ne bukukuwan kaɗe-kaɗe na fili, inda ake kwana biyu ko uku mawaƙa suna hawa suna sauka. Idan an watse, jama'a sukan ce biki ya yi armashi, yabo ya tafi ga mawaƙin da ya rufe taro. Ya cancanci rabonsa. Amma mu da muke shiga filin tun babu kowa sai ciyawa mun san cewa yawancin armashin nan wasu ne suka haɗa shi, kuma ba a kiran sunansu a lasifika.

Bari in fara da nawa ɓangaren. Mutane suna ɗauka aikin sauti shi ne ƙure murya, alhali wahalar tana wajen rarraba shi. A fili, duk lokacin da nisa daga lasifika ya ninka, ƙarfin sauti yakan ragu da kusan desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Idan ka ce sai na can baya ya ji daga lasifikan gaba kaɗai, to na gaba zai koma gida da kunne yana kuka. Shi ya sa muke kafa wasu lasifikan a tsakiyar fili. Su ma suna da tasu matsalar. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 ne a daƙiƙa ɗaya cikin iska, shi kuwa saƙon da ke bi ta waya nan take yake isa. Lasifikar da ke mita 100 daga dandamali za ta riga ta gaba yin magana da kusan sulusin daƙiƙa, mai sauraro ya ji kowace kalma sau biyu. Dole a jinkirta ta daidai gwargwado. Wanda ke tsaye a wurin ba zai san abin da aka yi ba. Zai dai ji kiɗan ya shige shi, ko kuma ya ji wani irin gajiya da bai san dalilinta ba, ya fara hira da na kusa da shi.

A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar cewa matsakaicin sauti a irin waɗannan wurare kada ya wuce desibel 100 cikin kowane minti 15. Ina riƙe da ita sosai, ko da manajan mawaƙi ya tsaya a kaina yana cewa a ƙara. Kunnen da ƙara ta lalata ba ya komawa yadda yake.

Akwai kuma mutumin da nake ganin ya fi kowa tasiri a kan mawaƙi, wato mai kula da sautin da mawaƙin ke ji da kansa. Abin da jama'a ke ji daban, abin da ke isa kunnen mai waƙa daban. Idan bai ji muryarsa ba sai ya fara ɗaga ta, ya kauce wa kiɗa, fuskarsa ta sauya, kuma jama'a suna karanta fuskar nan tun daga nesa. Yaron da ke wannan aiki yana tsaye a gefen dandamali, idonsa a kan hannun mawaƙi, domin da yatsa ake yi masa magana: ƙara ganga, rage jita. Ban taɓa ba sabon shiga wannan kujerar ba.

Sai tazarar da ke tsakanin mawaƙi da mawaƙi. Nan ne biki ke mutuwa ko ya rayu. Cikin 'yan mintoci za a sauke kayan wata ƙungiya, a hau da na wata, a gwada kowane makirufo, duk a gaban dubban idanu. Muna manna wa kowace waya suna, muna haɗa gangunan ƙungiya ta gaba a bayan labule a kan katako mai taya, a turo shi kawai. Idan tazarar ta yi tsawo, zafin da mawaƙin baya ya tara sai ya huce, kamar tukunyar da aka janye wa itace.

Duk da haka, sauti rabin labarin ne. Yanayin zuciyar mutum yana farawa daga ƙofa. Wanda ya daɗe a layi cikin rana, mai duba tikiti ya daka masa tsawa, ya nemi ruwan sha ya rasa, ya tarar da makewayi ba ya shiguwa, ba zai saki jiki ba ko wa ya hau dandamali. Yawancin masu wannan hidima 'yan sa-kai ne, wato masu aiki ba don a biya su ba. Bikin Roskilde na Denmak, wanda aka fara a 1971, yana tafiya ne a kan 'yan sa-kai kusan 30,000, ribarsa kuma ayyukan jinƙai da raya al'adu take tafiya. A Glastonbury na Ingila, wanda Michael Eavis ya fara a gonarsa a 1970 da mutane kusan 1,500, ƙungiyar agaji ta Oxfam ce ke kawo masu tsare ƙofofi tun 1993. Mutumin da ya zo aiki don yana son bikin yakan tarbi baƙo da wata irin fuska, kuma wannan fuskar tana yaɗuwa cikin taro. Haka masu shara da ke fitowa da asuba. Jama'a suna tashi su ga fili fes, sai su ma su ji nauyin zubar da datti.

Maƙwabtan fili ma suna cikin lissafi. Ƙarar ganga mai kauri tana ratsa bango ta yi nisa, musamman da dare. Kafin mu kafa komai nakan duba inda gidaje suke, in juya bakin lasifikan daga gare su, in kuma nemi mai shirya biki ya je ya gaishe su, ya faɗa musu lokacin da za a kashe kiɗa, ya ɗauki matasansu aiki. Unguwar da aka girmama takan karɓi biki a baɗi.

Abin da ba na wasa da shi ko kaɗan shi ne rai. A Roskilde ɗin nan, a 2000, mutum 9 suka mutu a turmutsitsin gaban dandamali, abin da ya sa suka sake tsarin shingayensu, suka raba gaban fili gida-gida. A Duisburg ta Jamus, a 2010, mutum 21 suka mutu a cunkoson hanyar shiga wani bikin kiɗa. A 2011 iska ta rushe dandamali a Indiyana ta Amurka, mutum 7 suka rasu. Saboda haka a zaman farko da mai shirya biki nakan yi masa tambaya ɗaya kafin maganar kuɗi: ranka ya daɗe, wa ke da ikon tsayar da wasa? Ina son sunan mutum guda, a rubuce, wanda idan ya ce a kashe sauti zan kashe ba tare da jiran kowa ba. Muna ɗaura na'urar auna iska a saman rumfa, mu amince tun da wuri a kan ƙarfin da za a sauke labule da allunan hoto, da wanda za a sauke mutane. Mai shirin da ya ƙi wannan sharaɗi, nakan ba shi haƙuri ya nemi wani.

Kwance kaya ya fi kafa su haɗari, domin dare ya yi, kowa ya gaji, kowa yana son gida, ga ƙarafa masu nauyi a sama. Nakan ware mutanen da suka huta da rana musamman don wannan aikin, kuma ba na barin wanda ya wuni a kan na'ura ya tuƙa motar kaya.