Daga hannun ƙanena

Jiya Lahadi, a majami'armu ta nan Katsina, na karɓi Jibin Ubangiji daga hannun ƙanena, yaron da na goya, na kuma tsaya bakin ruwa ranar baftismarsa.

Da ya ce Allah ya kira shi aikin bishara, Baba kwana uku bai ce uffan ba, don shi yake sa ran zai riƙe gona. Inna ce ta ce, "Malam, Hannatu ma ba ta riƙe Sama'ila ba." Washegari Baba ya kai geronsa kasuwa, kuɗin makarantar tauhidi ta Kagoro ya fito.

Baba bai ga jiya ba. Da ƙoƙon ya iso gaban Inna, hannunta sai rawa yake, na tallafe mata.