Raba intanet ɗaya ga kwamfutoci da CCProxy

Kwamfutar da modem ke jikinta ita ce uwa, wato wadda za ta raba wa sauran intanet. A saka mata CCProxy, manhajar raba intanet, a ba ta adireshin IP tsayayye, misali 192.168.0.1, sannan a jona sauran da ita ta suwic, na'urar haɗa kwamfutoci. A kowace kwamfuta a buɗe saitin furoksi (proxy, hanyar shiga intanet ta wata kwamfuta) na burauza, a rubuta wannan adireshi da lambar ƙofa 808. Ta SOCKS kuwa, wani nau'in furoksi, 1080 ce.

In shafi ya ƙi buɗewa, galibi katangar tsaron Windows ce ta toshe ƙofar, sai a buɗe mata hanya. Kada a bari adireshin uwar ya riƙa sauyawa, don da ya canza kowa zai tsaya cak. Haka ma in ta yi barci, shi ya sa gara a kashe saitin barcin tun farko. Nau'in CCProxy na kyauta kwamfuta 3 kawai yake ɗauka.