Baho ba yashi: abin da aksolotil ta koya mini kafin in dawo Damagaram

Kowace safiya, da na dawo daga masallaci, tiyo nake fara ɗauka. Ina da bahuna shida a ƙarƙashin rumfa a bayan gida, nan Zangon Damagaram, inda nake renon ƴaƴan tarwaɗa. Gindin kowane baho fayau yake, babu yashi, babu tsakuwa. Ranar farko da ƙanena ya zo taya ni aiki, ya leƙa ya ce, "Yaya, ka bar su a kan roba zalla? Ai ko a tabki laka suke samu." Tambayarsa ta yi mini daɗi, domin ita ce na yi da bakina shekarun baya, a wata ƙasa, a kan wata dabba da ba a taɓa gani a tabkunanmu ba.

Sunanta aksolotil. Na haɗu da ita lokacin da nake karatu a Faransa, na samu aikin kula da ɗakin dabbobin bincike. Ƴar uwar kwaɗo ce ta nesa, amma siffarta ta fi kama da ƙadangaren da ya ƙi fita daga ruwa. Tana da geza uku a kowane gefen kai, da su take numfashi, irin wadda ƴaƴan gaiwa suke da ita suna ƙanana. Sauran danginta sukan zubar da gezar su hau tudu idan sun girma, ita kuwa takan balaga har ta hayayyafa da siffar yarintarta. Asalinta tabkunan Sochimilko da Chalko ne a gefen birnin Meziko. An kai ta Paris tun 1864, kuma masu bincike suna riƙe da ita har yau saboda baiwar da Allah ya yi mata: idan ƙafarta ta gutsure, wata takan tsiro da ƙashinta da jijiyoyinta, ba ko tabo.

A ɗakin namu kowace tana cikin akwatinta, ƙasa tsirara. Na ji tausayinsu ƙwarai a makon farko. Na tambayi matar da ke shugabantar ɗakin ko zan iya kawo tsakuwa mai kyau irin wadda ake sayarwa don kifin ado. Ba ta yi dogon bayani ba, ta miƙo mini tana guda ta ce in saka, in kuma zuba ido. Dabbar ta matso a hankali, ta wage baki farat ɗaya, ruwa da tana suka shige tare. Ba ta tauna ba, ba ta zaɓa ba. Zuƙa take yi, duk abin da ke kusa da abincin, muddin zai shiga bakin, ya tafi ciki. Bakin kuma faɗin kan ne gaba ɗaya.

Bayan wasu watanni na ga ƙarshen wannan da idona. Wani mai kiwonta a gida ya kawo tasa don a duba, ta daina ci, cikinta ya kumbura, ba ta yin kashi. Da aka ɗauki hoton cikin sai ga tsakuwa jere a hanjinta. Mutumin yana son dabbarsa, ya kashe kuɗi ya ƙawata mata wuri, ƙawar ce ta toshe ta. Tun daga ranar ban sake yi wa tsakuwa kallon ado ba.

Amma amfanin da ya fi zauna mini a rai shi ne gani. A akwatin da ba komai a ƙasa, dabba ba ta iya ɓoye maka halin da take ciki. Da safe za ka ga kashinta, ka san ta ci kuma ya wuce lafiya. Za ka ga guntun abincin da ta bari jiya. Idan ta amayar, yana nan. Idan kwana uku sun wuce ba ka ga komai ba, ka san akwai magana tun kafin jikinta ya nuna. Aksolotil ba ta kuka, ba ta ɗingishi yadda akuya za ta yi har mai ita ya lura, gindin akwatin ne ke ba ka labarinta. A cikin yashi kuwa datti kan nutse, ya ruɓe a hankali, ya saki wata guba da ake kira ammoniya, ruwan yana nan garau a ido alhali yana ƙona mata geza da fata. Fatarta laushi gare ta, ba ɓawo irin na kifi, abin da ke cikin ruwan yana ratsa ta kai tsaye. Da tiyo ƙarami, cikin minti biyu, ka zuƙe dattin ka gama. Idan cuta ta shiga, akwati fayau ya fi sauƙin wankewa. Shi ya sa ɗakunan bincike, inda mutum ɗaya ke kula da dabbobi masu yawa, suka fi son wannan hanya.

Na daɗe ina ganin maganar ta ƙare a nan. Sai da na yi wata da watanni ina kallon manyan cikinsu sannan na fara lura da abin da muke hana su. Aksolotil mai tafiya ce a ƙasan ruwa, ba ta cika iyo ba. A kan gilashi mai santsi yatsunta ba sa samun abin kamawa, sai ka ga tana tura ƙafa tana zamewa, musamman idan matatar ruwa tana turo igiya da ƙarfi. Ba ta son ruwa mai gudu ko kaɗan. Wadda ta takura za ka ga gezarta ta lanƙwaso gaba, ƙarshen wutsiya ya naɗe. Ga shi ba ta da fatar ido da za ta rufe, haske yana damunta, gilashi fayau kuwa maido da haske yake yi daga ƙasa. Dabbar da asalinta laka ce da ciyayi a ruwa mai duhu, ka ajiye ta a fili ba maɓoya, ka taimaki idonka ne fiye da yadda ka taimake ta. Wannan ya dame ni, har yanzu kuma ina ganin duk mai yabon baho fayau ya kamata ya faɗe shi.

Akwai kuma wata asara da ba a gani. Ƙwayoyin bakteriya masu amfani, waɗanda ke juya ammoniya ta zama nitrit, nitrit ya zama nitrat mai sauƙin illa, a jikin abubuwa suke zama, ba a cikin ruwan ba. Yashi gida ne babba gare su. Idan ka cire shi, nauyin ya koma kan soson matata da kuma kanka. Baho ba yashi ba ya yafe sakaci. Ka tsallake kwana biyu, babu abin da zai rufa maka asiri. Shuka mai saiwa ma ba ta da wurin kafawa.

Ga inda na tsaya bayan duk wannan. Ƙarama, wadda ba ta kai santimita 15 ba, a bar ta a ƙasa tsirara, domin ko yashi yana iya toshe mata hanji, kuma a lokacin ne aka fi bukatar sa ido a kan cinta. Babba, wadda kan kai santimita 23 zuwa 30, a ba ta rairayi mai laushi sosai wanda zai wuce ta ciki ko ta haɗiya, shimfiɗa siririya. Wanda ba ya son yashi ya shimfiɗa karo mai ɗan kaushi irin na daɓen ɗaki, ƙafa ta samu makama, shara ta zo da sauƙi, sai dai a riƙa ɗagawa a share ƙarƙashi. Dutse in za a sa, ya fi kanta girma. Tsakuwa kam babu ita a kowane hali. Kowanne aka zaɓa, a ba ta kogon da za ta shige.

Da na dawo gida, wani Alhaji abokin mahaifina ya ga hotonta a wayata, fara mai jan geza, ya ce, "Ɗana, ka sa a kawo mini biyu in sa a falo, ko nawa ne." Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, ba zan so in zama sanadin mutuwarsu ba." Ruwan da take so digiri 16 zuwa 18 ne, idan ya haura 24 ya daɗe sai ta daina ci, cuta ta kama ta. Mu kuwa a Afrilu da Mayu zafi kan wuce 40, ruwan da ya kwana a bido ma da ɗumi yake wayar gari. Sai an haɗa mata na'urar sanyaya ruwa dare da rana, wuta kuma ta ɗauke da tsakar bazara shi ke nan. Ga maganar ruwan kansa. Duk ɗan Damagaram ya san darajar bido guda a watannin zafi, lokacin da ake bin ƴan ga-ruwa da roƙo, baho fayau kuwa canjin ruwa yake so a kai a kai, kuma ruwan famfo sai an kawar da sinadarin jabel na kashe ƙwayoyin cuta da ke cikinsa kafin a zuba. Dabba ce da kan yi shekara 10 zuwa 15 idan ta samu kulawa. Alhaji ya yi shiru, ya ce ai bai san haka abin yake ba, maganar ta wuce lafiya.

Na ba shi labarin gidanta na asali ma, domin yana ci mini rai. An busar da tabkin Chalko, Sochimilko ya koma magudanai, birni ya cinye sauran. An zuba karfasa da wasu kifaye baƙi a ciki, suna cinye ƙwai da ƴaƴanta. Ƙidayar 1998 ta samu kusan 6,000 a kowace murabba'in kilomita, ta 2014 ba ta kai 40 ba. Hotonta na kan takardar peso 50 ta Meziko, tana cike da akwatunan gilashi a duniya, a ruwan kakanninta kuwa ta kusa ƙarewa. Karfasar da muke murna idan an kamo ta a tabkin Gidimuni, a can ita ce annoba.

Tarwaɗa ba aksolotil ba ce, zafi take so, Damagaram ta karɓe ta. Amma ƴaƴanta ma a ƙasan baho suke taruwa, su ma duhu suke so, kuma abincin da ya kwana a ruwa yana kashe su cikin dare ɗaya. Don haka na bar gindin fayau, ina zuƙe datti safe da yamma, ina ware manya daga ƙanana kafin su cinye juna. Na rufe rabin kowane baho da tabarma. Ruwan da na zuƙe ba na zubarwa, yana tafiya gindin zogale da lemun tsami na tsakar gida. A bahon waɗanda suka ɗan tasa na sa ɓarin tukunyar ƙasa guda biyu, na goge bakinsu da dutse don kada su yanke su. Jiya ƙanena ne ya yi sharar yamma, ya ɗaga ɓari ɗaya, ya ce mini duk sun taru a ƙarƙashi, ya share wurin ya mayar musu da shi yadda yake.