Saƙon godiya bayan kammala tantance ayyukana na bincike

Alhamdu lillahi, Allah Ya kawo ƙarshen wannan jira. Masu tantancewa na waje sun dawo da rahotonsu a kan maƙalun da na wallafa game da yadda jikin kifi ke aiki, kuma jami'a ta amince da yi mini ƙarin girma. Ba sai na maimaita abin da aka sha ba, domin da ku aka yi, kuma har yanzu gajiyar ba ta sake ni ba.

An duba yawan maƙalun, da darajar mujallun da suka buga su, da adadin masanan da suka kafa hujja da su kamar yadda Scopus da Google Scholar, rumbunan bayanan maƙalun bincike a intanet, ke ƙirgawa, har da ma'aunin h-index, mai auna yawan maƙalun masani da yawan ambatonsu, da Jorge Hirsch ya fito da shi a 2005. Ban raina waɗannan alƙaluma ba, sai dai fanninmu ƙarami ne, kuma maƙala a kan numfashin kifi takan yi shekaru kafin wani ya waiwaye ta.

Maƙalar da aka fi ambata cikin ayyukana, wadda ta shafi yadda karfasa ke jure ruwa mai ɗumi, saura ƙiris ba a rubuta ta ba. Iskar oksijin da ke cikin ruwa ba ta kai kashi 1 cikin 20 na wadda ke sarari ba, kuma idan ruwa ya yi zafi sai ta ƙara raguwa a daidai lokacin da jikin kifi ya fi buƙatarta. Tarwaɗa tana iya tasowa ta shaƙi iska, amma karfasa ba ta da wannan gata. A daren da injin hura iska a tankunan kifayen gwajin ya mutu ina asibiti wajen jinyar mahaifiyata, hankalina ya rabu biyu. Babban ma'aikacin ɗakin gwajinmu, wanda na san ba ya son a ambace shi, shi ya kwana yana canza ruwan tankuna da bokiti har gari ya waye, kuma bai gaya mini ba sai da ya tabbatar kifayen sun daina cunkushewa a saman ruwa. Baba, sunanka ba ya cikin kowane ƙidayar Scopus, amma kowane ambato na wannan maƙala da guminka a ciki. Allah Ya saka maka da mafificin alheri, Ya raya zuriyarka, Ya sa ka gama da duniya lafiya.

Malamina da ya fara ɗora ni a kan binciken masanin kimiyya August Krogh game da yadda kifin ruwan daɗi ke tsotso gishiri daga ruwa, Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka makwancinsa. Ɗalibaina da suka yi ta awon jini da dare, da maiɗakina da ta riƙe gida, Allah Ya ba ku ladan haƙuri.

Akwai 'yan uwan da na so ƙwarai a ce sun leƙo ko sun kira a watannin nan, ban ji daga gare su ba. Na yi musu uzuri, Allah Ya ƙara haɗa kanmu.