Ashe Atlas sunan wani ne

Jiya da daddare ƙanwata tana aikin makaranta da tsohon littafina na taswira, bangon duk ya yage, sai ta ɗago kai ta ce, "Yaya, wai me ya sa ake ce masa Atlas?" Na yi tsit. Shekara nawa ina yawo da shi a jaka, ban taɓa tambaya ba!

Ashe a tatsuniyoyin Girkawan da, Atlas wani ƙato ne daga jinsin Titan. Sun gwabza yaƙi da Zeus, babban abin bautar Girkawan, aka ci su, shi ne aka yanke masa hukuncin tallafe sama a kafaɗa har abada. Sama fa, ba ƙasa ba, kodayake masu zane sun fi ɗora masa dunƙulen duniya. Masana da dama na ganin sunan daga kalmar Girkanci ta jurewa ya samo asali.

Wani masanin zanen taswira mai suna Gerardus Mercator ne ya raɗa wa littafin taswirorinsa sunan, aka buga shi a 1595. Ga tsaunukan Atlas a Maroko, ga Tekun Atlantika, su ma da sunan ake alaƙanta su. Har ƙashin farko na wuya, wanda kai ke zaune a kansa, Atlas likitoci ke kiransa.

Ita dai ta shafa ƙeya, ta ce shi ya sa nata ke ciwo in ta ɗauko ruwa.