"Saura mutum ɗaya"

Shekaranjiya na dawo Maraɗi daga Abuja, har yanzu ƙuguna bai sake ni ba.

Daga Ɗan Isa zuwa Jibiya, Katsina har Kano, ban da shingayen hanya ba abin faɗa. A wata tashar mota ta Kano aka fara gasa mini aya a hannu. Ƙarfe bakwai na safe wani ɗan kamasho ya fizge jakata yana cewa, "Kaduna, Alhaji, saura mutum ɗaya!" Na leƙa, ga mota cike, na biya na zauna. Ashe rabin waɗanda ke ciki yaran tasha ne, an zaunar da su don mota ta yi kama da cikakkiya. Duk fasinjan da ya zo, sai ɗayansu ya zame ya fita kamar zai sayo ruwa. Ba mu ɗaga ba sai sha ɗaya saura. Mu a gida, in kamfani ya ce kar, wato babbar motar fasinja, zai tashi da asuba, ko kai ne gwamna in ka makara sai dai ka hangi ƙura. Da na yi ƙorafi, cewa ɗan kamashon ya yi, "Baba, in sauri kake, ɗauki shata." Sannan ya nemi kuɗin jaka, jakar da a cinyata ta zauna har tashar Kawo a Kaduna.

Sha'awar shiga jirgin ƙasa ce dai ta ɗauke ni daga gida, don mu ba mu da shi. Layin Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 har yau jiransa muke. Ɗan ƙanena ya saya mini tikiti ta waya tun kwana biyu kafin nan, ya kai ni tashar jirgin Rigasa a Kaduna da sassafe. Na shiga tarago, sai ga wani mai babbar riga a kujerata, ya baje da waya biyu. Na nuna masa lamba, ko kallona bai yi ba. Wata dattijuwa ce ta tsawata masa: "Haba ɗana, baƙo ne fa, ba ka ji harshensa ba?" Ya tashi yana tsaki. Ita kuwa ta kwance ƙullin dambun nama ta tura mini, ta hana ni sayen komai a jirgin, wai tsadarsa ta yi yawa. Gaskiyarta, kuɗin ruwan gora ɗaya ya ishe ni fura da nono a kasuwarmu.

Da muka doshi Katari tarago ya yi tsit. Ta raɗa mini cewa nan ne aka tare jirgi a Maris ɗin 2022. Kowa ya koma kan carbinsa.

Kilomita 186 ne layin Kaduna zuwa Abuja, amma ni a Kubwa, gab da shiga Abuja, na sauka. Dawowa mota na bi, na kwana Zariya, taya ta fashe kusa da Kwanar Ɗangora. Dambun Hajiya da ya rage shi na ci a bakin titi.