Godiya kan injin marigayi Baba

Salam jama'a. Alhamdulillah an gano asalin injin tana ɗin nan, wato injin da ke juya ƙarfe ana sassaƙa shi, da na ɗora hotonsa sati biyu da suka wuce, wanda Baba Allah ya jiƙansa ya bari a shago, shi ne na ce bari in dawo in yi godiya don wallahi kun yi min abin da ban zata ba.

Mu dai tun muna yara South Bend muke jin ana ce masa, wai ɗan Amurka ne, kuma da yawanku ma haka kuka ce. Ashe duk muna da ɗan uzuri. Wani dattijo tsohon malamin makarantar koyon sana'a da ɗansa ya nuna masa hoton, shi ya tako har shago da sandarsa, ya ce a kawo kalanzir da tsumma, kar wanda ya kuskura ya sa samfefa. Muka yi ta goge wani ɗan farantin ƙarfe da fenti ya rufe, kala uku muka cire, kore da shuɗi da wani ruwan toka, sai ga rubutu ya fito Boxford, Halifax, England. Kai jikina har tsuma ya yi.

Shi ya yi mana bayani cewa a 1948 aka fara ƙera irin waɗannan injinan na Boxford a Ingila, kuma samfurin South Bend mai inci 9 suka kwaikwaya shi ya sa kamar ta ɓaci, sai dai Turawan Ingila daga tsakiyar inda ake kama ƙarfen zuwa gado, wato doguwar shimfiɗar injin, suke aunawa, su ce inci 4 da rabi, rabin 9 ke nan. Namu Model C ne, ba shi da giyabos, in za ka yanka tiredi, wato zaren da ke jikin kusar ɗauri da noti, sai ka sauya giyoyin da hannu ɗaya bayan ɗaya. Yanzu na gane amfanin giyoyin da ke cikin gwangwanin madara a ƙasan benci, saura kaɗan in ba ɗan gwangwan su!

Baba malam Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ko kuɗin Keke ya ƙi karɓa. Ɗan uwan da ya ce in duba ƙarshen gadon in nemi lamba, na same ta, na gode. Masu cewa in sayar a kilo kuma ku yi haƙuri, yana nan daram.

Giya biyu sun ɓata a cikin saitin, wanda ya ci karo da irinsu a Panteka ko Ƙofar Ruwa don Allah ya taɓa ni.